Dutsen Taimamar Baba

Zuwa ga ƙawata Ihsan,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Baba, yaya mutanen Pantami? Ni ina nan Jamus, sanyi yana cina.

Duwatsun binciken digirinki sun iso ɗakin awonmu, na niƙa na auna. Ke, kin yi sa'a! Daga ƙasan bangon ramin da kika ɗebo su zuwa sama, sinadarin kabon mai nauyi yana ƙaruwa, alamar lokacin da teku ya rufe Gombe ya binne matattun halittu har iskar duniya ta canza. Amma ina baƙin dutsen tsakiya? A nan canjin ya kai ƙarshe, in babu shi babu hujja. Sun ba ni injin awon zuwa ƙarshen wata kawai. Aiko shi maza, sarkin mantuwa.

Taki,
Adaugo

Adaugo 'yar'uwata,

Bayan gaisuwa, jikin Baba da sauƙi za a ce. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai yi magana ba, ni kuma ko bakin titi ba na kaiwa.

Ban manta ba. Ranar da alwala ta gagare shi, Inna ta nemi dutse mai tsarki na taimama, ta buɗe kwalin duwatsuna ta zaɓi wanda ya fi kyau. Shi ne naki. Yanzu ko ba lokacin salla ba yana riƙe da shi a hannunsa mai lafiya. Na sauya masa da wani, ya shafa, ya jefar, hawaye na zuba. Wallahi na ji kunyar kaina.

Kada ki ce in koma ramin. Masu haƙar siminti sun fasa bangon nan da nakiya tun bara. Makaranta kuma ta ce bana ne ƙarshen rajistata. Na rasa inda zan sa kaina.

Ki gaida Mama in kun yi waya.
Ihsan

Ihsan,

Sannu, Allah ya ba Baba lafiya. Amma haba! Garin dutsen da nake so bai cika cokalin shayi ba. Ki ɓantaro gefe da guduma mana. Shekara huɗu kina shiga rami da rana, duk ki zubar? Kada ki sa in zo Gombe in ja kunnenki.

Adaugo

Adaugo,

Ina gaisuwa. Na ɗauko gudumar, har na zauna a bakin gadonsa. Dutsen yana da tsaga, bugu ɗaya zai tarwatse. Kin san Baba, shekara talatin yana sahun farko a masallacin unguwa. Yanzu abin da ya rage masa na ibada shi ne ya buga tafinsa a kan wannan dutsen, ni in shafa masa fuska. Ya kalli gudumar, ya kalle ni. Na mayar da ita jaka.

Ki bai wa wani injin. Ina jin haushi ƙwarai, ban ma san na wa ba.

Ihsan

Ihsan,

Yi haƙuri da bakina. Na roƙi ogana, ya ƙara mana wata guda. Ki gaida Baba, ki ce 'yarsa mai cinye masa dabino ce.

Adaugo

Adaugo,

Na faɗa masa, ya yi murmushi. Ga dutsen nan a cikin kwalin. An kai Baba makwancinsa ranar Laraba.

Ki huda ta ƙasa. Gefen da tafinsa ya sa ya yi santsi kada ki taɓa shi, kuma ki dawo mini da sauran.

Ihsan