Allurar Mai Keke da Kunnen Akuyata

Zuwa ga sabon Kansilan mazaɓarmu,

Ranka ya daɗe, sallama da fatan alheri. Ina taya ka murnar hawa kujera. Tunda mulki ya dawo hannun farar hula, ni ma bakina ya buɗe, kuma da ƙara na zo, ko da yake ina rubutun ina dariya.

Na ɗaya: akwai wani mai keke da ke zaga unguwarmu Trikania da kwalba marar takarda, yana yi wa awaki allurar ƙiba. Mu mata mun ɗauka in dabba ta hau makyarkyata bayan allura, to magani ne mai ƙarfi, har godiya muke masa. Haka ya yi wa akuyata Kyalla, tana da ciki. Kafin la'asar kunnuwanta sun yi sanyi ƙalau, dasashinta ya yi fari fat. Wallahi na yi kuka.

Na biyu: maƙwabciyata Maman Ladi ce ta ɗora ta a amalanke, muka kai ta wurin likitan dabbobi. Ya bayyana mana cewa wasu magunguna suna sa jiki ya saki wani sinadari da ake kira sirotonin da yawa lokaci guda, shi kuma ya matse jijiyoyin jini kamar an taka tiyon ruwa, sai jini ya kasa isa kunne da ƙafa. Ashe abin da muke yabo wahala ce tsagwaronta. Ya yi mata abin da ya dace, Allah Ya taimaka.

Na uku, albishirinka: a makon da aka rantsar da ku Kyalla ta haifi tagwaye! Mai farin kan na sa masa suna Farar Hula, ya fi kowa tsalle a layinmu.

Amma mai keken bai daina zuwa ba, kuma jiya na ji an ce ya nufi unguwar Kudenda. Roƙona biyu ne: a karɓe kwalbar nan a bincika abin da ke ciki, sannan a samo mana likitan dabbobi da zai riƙa leƙo unguwa ranar kasuwa. Akuya ita ce jarin yawancinmu, kuma ba kowace mace ke da Maman Ladi ba.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya haɗa ka da mashawarta na gari. In ka shigo unguwa ka biyo ka taɓa kunnen Kyalla, ka ji ɗumi. Ni kullum da safe sai na taɓa shi kafin in gaida maigida, shi ma ya sani, ya haƙura.

Wassalam.

Taka mai ƙuri'a,
Hajiya Rabi mai awaki, Trikania.