Sifilin Mudassiru

Kura,
Ranar Talata.

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na koye shi.

Ƙaninki Mudassiru ne ya hana ni sukuni. A injin shinkafar da yake aiki, shi ke lura da mai gadin kwamfuta, wani abu ne a cikinta da ke tare mata ƙwayar cuta. Ya taɓa nuna mini wasu lambobi suna gudu kamar ruwa a kwata. Ya ce muddin suna gudu, mai gadi na binciken duk abin da ya shigo.

Da kakar nan binciken ya yi wa kwamfutar sikeli nauyi, motoci suka yi layi har bakin titi. Baffanku Sammani yana cikin layin, ga hadari ya taso a kan shinkafarsa. Ya leƙa ta taga ya kira yaron da sunan marigayi babanku. Mudassiru ya yi masa kara, ya kashe mai gadin, wai zuwa la'asar. Layi bai ƙare ba har kwana uku, shi kuwa bai sake kunna mai gadin ba.

Cutar ta shiga ta kulle musu komai. Gobe manaja zai yanke hukunci. Ki taya mu da addu'a.

Mahaifiyarki,
Tambaya.

Kura,
Ranar Lahadi.

Bilkisu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, sun sallame shi. Masu injinan Kura duk sun san juna, ko'ina ya je labari ya riga shi. Na je wurin Sammani ko zai sa baki, ya ce shi manomi ne, me ya haɗa shi da kwamfuta.

Yanzu yaron wuni yake a bakin kanal ɗin noman rani yana kallon ruwa. Tuwo sai na tsaya a kansa. Jiya na lallashe shi ya gaya mini abin da lambobin suka nuna a kwanakin nan uku. Ya ce sifili, kuma kullum yana ganinsa.

Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta koya mana cewa sifili ba komai ba ne. Ga shi ya cinye mini ɗa.

Ki gai da yara. Kada ki kira shi, ba ya ɗauka.

Taki,
Tambaya.