Tokar Goran Kaka Nagode

Zariya, 9 ga Maris, 1979

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Yaya kuke ji da sabon mazauni a Maradun? Ni lafiya lau nake. Tuwon makaranta ne bai karɓe ni ba har na ɗan zube, amma kada Inna ta ji.

Yaya, wauta na tabka. Kin tuna irin dawar fadamarmu da Kaka Nagode ta ƙulle mini ranar da zan taho? Kunya na ji abokan karatun aikin gona su gan shi buɗu-buɗu da toka, sai na sheƙe shi tas na zuba a gwangwani. Jiya na buɗe, ƙwari sun mayar da shi gari.

Don Allah ki zauna da ita ki tambayo mini. Tokar wane icce ce? Wa ya koya mata? Mi ya sa ranar da ruwan dam ya tashe mu ta bar tukwanenta, goran iri kawai ta rungume? A lokacin dariya na yi mata.

Ki ce mijinta na Zariya ya tuba, ta sam mini ko cikin tafi ne, har da tokar. Kada ki ɗaga zancen sai gobe, Yaya. Fadamar tana ƙarƙashin ruwa, abin da ya rage mana nata yana cikin goran nan da kan tsohuwar nan.

Allah ya ƙara mata kwana.

Ƙanenki,
Ɗantani