Kwamfutar da Injiniya Ta Bari a Kunne

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan. Mu nan alhamdu lillahi, masu ta'aziyya sun ragu, Baban yara ya koma shago, ni ma na fara cin abinci ba sai an tsaya a kaina ba.

Na ji saƙonka cewa in kashe kwamfutar marigayiya Injiniya, in daina zama gabanta ina ƙara wa kaina ciwo. Ba raini ya sa na ƙi ba, Yaya, zuciyata ce ta kasa. Tun ranar da muka kai yarinyar nan asibiti, kwamfutar tana kan teburinta kusa da taga, tana kwanciya tana tashi da kanta duk bayan minti goma. Ka san aikinta ke nan. Ta sha gaya mini ita ke tsara wa sassan na'ura lokacin barci da na tashi don kada batir ya ƙare a banza, ƙananan su fara kwanciya kafin babban da ke riƙe da su, shi kuma ya riga su tashi. Nakan ce mata ashe raino muka tura ta karantowa a jami'a, ta yi ta dariya. Sau uku wuta tana daɗewa ba ta dawo ba, ina rungumar kwamfutar cikin mayafi in kai ta caji gidan maƙwabta.

Ranar Laraba abokiyar aikinta, wata doguwa mai gilashi, ta zo gaisuwa. Da ta leƙa ɗakin ta ga ƙaramar fitilar kwamfutar tana ƙyaftawa, sai ta dafe ƙirji. Ta ce wata matsala ce ta sha kansu wata shida: na'ura takan kwanta, allonta ya ƙi tashi. Injiniya ta gano gyaran, ta bar shi yana gwaji, ba ta kai ga aika musu ba. Da an kashe kwamfutar, da ta kulle da lambar sirrin da ba wanda ya sani, wahalarta ta tafi ke nan.

Ta zauna ta duba, ta ce kwamfutar ta kwanta ta tashi fiye da sau dubu biyar, ko sau ɗaya allon bai makara ba. Ta kwashe aikin, ta aika wa manyansu da sunan 'yarka a kai, na gani da idona. Sannan ta tambaye ni ko ta kashe. Na ce a'a, ta dai nuna mini inda ake dannawa. Ni na danna da yatsana, Yaya. Ban yi kuka ba sai da na raka baƙuwar na dawo.

Ka gaishe mini da Anti, da 'yan biyu, da takwarata. Ku ci gaba da sa marigayiya a addu'a.

Ƙanwarka,
Maman Injiniya