Motarka Ta Tashi, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani Makanike,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, da fatan rahamar Allah ta lulluɓe makwancinka. Albishirinka, Baba! Motarka ta tashi, kuma da hannuna!

Shekara uku tana tsaye a lungunmu na Utaibiyya a nan Makka, tun ranar da aka kai ka. Makon jiya 'yan baladiyya, wato hukumar gari, suka manna mata takarda: in ba ta motsa ba, za a ja ta zuwa tashlih, inda ake farke motoci a sayar da ƙarfe.

Ka tuna yadda kake ba mu tarihin injinta kamar wani kakanmu? Arba'a-hamsa-arba'a ake ce masa, wato huɗu-biyar-huɗu, mai silinda takwas. Ka ce a Amurka aka haife shi farkon shekarun saba'in, don motocin samari masu son gudu. Da mai ya yi tsada sai suka juya masa baya, aka mayar da shi cikin manyan motoci yana jan kaya. Daga nan ya tsallako teku, ya ƙare yana jigilar alhazai tsakanin Aziziyya da Mina. Kakan shafa shi ka ce, "Shi ma baƙo ne irina, aiki ya zaunar da shi Makka."

Yaya Nura ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya sa sabon batir, ya wanke kafireta, ya canza wayoyin fulogi. Injin sai tari da harbi ta salansa, har maƙwabta suka leƙo. Ya ɗauko wani injiniya da na'urarsa, bawan Allah ya zagaya motar sau biyu bai sami inda zai jona ta ba, ya ce halas, ta mutu.

Ni kuwa da ba a taɓa ba ni sifana ba, aikina kawo maka shayi ne warsha, garejin gyaranka. Amma kullum ina iske ka kana rera jerin tashin silindoji kamar mai tilawa: ɗaya, takwas, huɗu, uku, shida, biyar, bakwai, biyu. Kana ƙarawa da, "Biyar da bakwai maƙwabta ne, wanda ya yi gaggawa sai ya haɗa su faɗa."

Jiya da safe na naɗe hannun abayata na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina rerawa. Wallahi Yaya ya musanya biyar da bakwai! Na mayar da kowacce gidanta, na murɗa makulli. Baba, ka ji gurnani! Tantabarun lungu suka watse, Umma ta fito ba takalmi tana salati tana kuka. Yaya dai har yanzu ya ƙi haɗa ido da ni.

Ban manta gwajinka ba. Na cika ɗan kofinka da shayi, na ɗora a kan injin yana aiki, kamar yadda kake yi kafin ka sallami kowace mota. Bai zubar da ko ɗigo ba. Na yi tsalle, na juya in miƙa maka kofin, don kai ne mai shanyewa in aiki ya yi kyau. A nan ne murnata ta koma hawaye. Na tsaya riƙe da shi har ya huce, sai Umma ta ce in sha, yau ni ce mai warsha.

Na ɓare takardar baladiyya, na kai Umma Aziziyya muka dawo.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara.

'Yarka mai kawo shayi,
Hajara