Rub da Ciki

Litinin, 3 ga Maris

Na iso gidan Auta da rana. Hawa na uku suke, gwiwoyina sai da suka yi ƙara. Jaririn kuwa tubarkalla, kan ubansa sak. Na ce masa, maigida ka zo a makare, ni na riga na tsufa. Auta ta fara dariya, ɗinkin ya hana ta ƙarasawa.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Na leƙa gadonsa na tarar an kwantar da shi rigingine, fuska sama. Na juya shi rub da ciki, na karkatar da kan gefe, yadda na yi wa yaran da ban san iyakarsu ba a ɗakin haihuwa kafin in yi ritaya. Haka kawai a bar ɗa ya ƙware da tumbuɗi.

Laraba, 5 ga Maris

Mun yi da Auta. "Mama, wa ya juya shi?" Na ce aljanu ne. Wai a asibiti an ja musu kunne, rigingine kawai. Na ce wane asibitin, wanda na yi wa aiki tun ba a san za a haife ki ba? Ta ce an canza. An canza! Sai ka ce labule.

Babbar Sista da ta koyar da mu bin gadaje take yi, in ta ga jariri rigingine, ranar sai kin raina kanki. Yana cikin littafi. Har a jarrabawa ya fito mana, kuma na ci.

Alhamis, 6 ga Maris

Ina juyawa, tana juyawa. Yaro ya zama abin suya.

Asabar, 8 ga Maris

Mijin Auta ya zo ya durƙusa da wayarsa, wai zai karanta mini abin da masana suka ce. Yaron kirki ne, amma na ce ya tashi. Wayar nan ce ta ce wa maƙwabciyata ruwan lemun tsami na narkar da ƙari.

Sai Auta ta yi magana daga bakin ƙofa, ranta a ɓace. "Mama, an gano yaran da ake kwantarwa rub da ciki sun fi mutuwa a cikin barci. Ba ciwo ba komai, sai dai a zo a tarar..." Na ga lokacin da ta tuna da wa take magana. Ta san tana da yayan da ya rasu yana jariri, ta san a barci ya tafi. Yadda aka kwantar da shi ne ba ta taɓa tambaya ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban fito ba yau.

Ɗan farina. Watansa uku, lafiyarsa ƙalau, har ya fara ɓangale baki in ya ji muryata. Rana tsaka na ba shi nono, na kwantar da shi daidai yadda Babbar Sista ta koya, na fita shanya wanki. Da na dawo ƙeyarsa na fara gani. Jikin da sauran ɗumi.

Likita ya ce yakan faru, ba a san dalili ba. Wannan maganar na riƙe na rayu. Da ita na koma aiki, da ita na haifi sauran, babansu har ya rasu ita yake maimaita mini. Yanzu da tsufana za a zo a ƙwace mini ita. Wallahi tsoro nake ji.

Talata, 11 ga Maris

Na ce in dai ina gidan nan, rub da ciki zai kwana. Auta ta tashi. Ta ja gadon ta kai ɗakinta ta rufe ƙofa. Tun safe ban taɓa jikana ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na bi su awo, da niyyar in wanke likitar tas. Yarinya ce ƙarama, wataƙila ma ni na yanke mata cibiya. Na faɗa mata aikina, na ce mu da littafi aka koya mana, ba a gari muka tsinta ba.

Ta ce, "Gaskiya ne, Mama. Haka aka koyar, kuma kuskure ne. Mu muka yi shi."

Ban shirya wa wannan ba. Na ce to in kun yi kuskure jiya, me zai sa in yarda da ku yau? Ta ce wancan zato ne da ya yi kama da hankali, kowa ya ɗauka, ba wanda ya tsaya ya ƙirga. Daga baya aka bi yaran da suka rasu da waɗanda suka rayu, a ƙasashe daban-daban, masu binciken ba su ma san juna ba, amsa ta riƙa fitowa iri ɗaya. Aka sauya shawara, aka sake ƙirgawa, mutuwar ta ragu ƙwarai. Wai lafiyayyen jariri in ya yi tumbuɗi yana rigingine, haɗiyewa yake ko ya tofar. In kuma gobe aka ƙirga aka ga sun sake kuskure, za su fito su faɗa.

Na sa Auta ta fita da yaron. Na tambayi abin da ya kawo ni. Nawa fa? Kwanciyar ce ta kashe shi?

Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Ƙidaya tana magana a kan yara dubu, ba ta iya faɗin na yaro ɗaya. Duk wanda ya ce miki eh ko a'a, ƙarya yake yi."

Juma'a, 14 ga Maris

Haushinta nake ji har yanzu. Da ta ce mini a'a, da na san lallashi ne. Da ta ce eh, da na samu wadda zan tsana. Ta bar ni a tsakiya, ba inda zan jingina.

Na yi ta lalube a raina ko na taɓa jin Babbar Sista ta ce "ban sani ba". Ko sau ɗaya. A lokacin abin da ya sa muke yarda da ita ke nan.

Lahadi, 16 ga Maris

Na haɗa jakata, na kuma kwance. Ta bango nake jin kukansa.

Talata, 18 ga Maris

Auta za ta koma a duba ɗinki, mijin yana wurin aiki. Ta tsaya a ƙofata da yaron a kafaɗa, idanunta duk sun faɗa. Ba ta roƙe ni komai ba, ba ta kafa mini sharaɗi ba. Ta miƙo shi ta tafi.

Ya yi barci a hannuna. Na kwantar da shi rigingine, saboda cibiyarsa ne kawai, kada ta gogu da katifa. To, ta warke tun makon jiya, amma dai.

Can ya yi tumbuɗi. Hannuna har ya kai zai juya shi. Ya ɗan yi tari, ya karkatar da kai, ya haɗiye, ya ci gaba da barcinsa, ɗan rainin hankali. Na goge masa baki.

Wanki na nan a bokiti, ban fita shanya ba. Na ja kujera na zauna. Ashe in yaro yana rigingine, ana ganin fuskarsa.