Kayan Ephraim na Ƙarshe

Norwich, watan Nuwamba, 1823

Zuwa ga ƙanwata Keziah,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ubangiji ya ƙara miki lafiya, ya tsare ki da sanyin Halifax ɗin nan da mijinki ya kai ki. Mu nan muna nan, sai dai ciwon gwiwa. Maƙwabcina Gotts mai gyaran takalmi ke rubuta mini, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Keziah, sai haƙuri. Yayanmu Ephraim ya rasu, an binne shi ran Talata. Jaridu sun yi ta yabonsa, wai shi ya buɗe wa garin nan ɗakin aron littattafai, ya buga labaran da matan manya ke kuka a kansu. Ba ƙarya suka yi ba. Amma ke kin tuna farkon abin, lokacin da muke yawon kasuwannin ƙauye da takardun waƙa, shi yana tallan da bakinsa mai zaƙi, ni ina ɗauke da buhu. Da ya samu kanti, ni nake kai akwatunan littattafai gidajen masu aro da doki, cikin ruwa da laka. Da ya auri Lavinia kuwa, sai ta ce warin dokin da ke jikina yana korar baƙi, in riƙa bi ta ƙofar baya. Shi kuwa Ephraim ya bi nata. Allon kanti ma sunansa kaɗai ke kai. Ban iya karatu ba, amma na san tsawon suna ɗaya da tsawon suna biyu. Ban yafe wannan ba, kada ki rubuto ki ce in yafe.

Da aka zo jana'iza, Lavinia ta aika wa manyan masu sayar da littattafai na London baƙar safar hannu, alamar gayyata su zo su riƙe gefen mayafin akwatin gawa. Ni ba a aiko mini ba. Ta kuma yi hayar ƙarti daga mashaya su ɗauki akwatin. Na same ta, ta ƙofar gaba na shiga, na ce mata muddin ina numfashi ɗan haya ba zai tsaya a wurina ba. Ta ce na tsufa, zan faɗi in kunyata gidan, kuma rigata ba ta shiga mutane ba ce. Na ce to zan zauna a bakin ƙofar coci, a tsallake ni da gawar. Ta san zan aikata. Can sai ta tuna mayafin yana rufe masu ɗauka har gwiwa, ba mai ganinsu, nan take ta yarda.

Haka aka yi. Manyan London suna waje riƙe da bakin ƙyalle da yatsu biyu, ni ina ciki cikin duhu, kansa a kan kafaɗata. Ban yi tuntuɓe ba har bakin kabari. Keziah, ciwo ya cinye shi. Akwatin littafi mafi ƙanƙanta da ya taɓa ɗora mini ya fi shi nauyi. A ƙarƙashin mayafin nan na yi kukana, ba wanda ya gani.

Ki gaishe da mijinki Obadiah, da yaranki, Tabitha da ƙaramin Ephraim. Ki gaya masa wanda ya kai mai sunansa makwanci.

Yayanki da ya rage,
Barnabas Thurtle